Ajiyar Mai Hoto

A garin Ƙofa na tashi, a hannun Iya, kakata ta wajen uwa. Idan kaka ta yi aka shigo da kara, bayan sallar isha takan hura wuta a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta muna gasa gyaɗa. Ni take ce wa maigida, don tsokana, ni kuwa in ce na sake ta tunda ta tsufa. Tatsuniyoyinta duk na dariya ne, ban da guda ɗaya, wadda na tsana.

"Ku matso, ga wata tafe," in ji ta. Wai an yi wani baƙo mai ɗaukar hoto da ya zo daga birni, ya sauka a zauren wata mata. Yakan toshe ƙofa da bargo, ya jiƙa wani farin gari a ruwa, ya tsoma takarda, sai fuskar mutum ta fito. Ya gargaɗe su kada kowa ya taɓa garin. Ranar da ya tafi, sai ya manta gwangwani guda.

Mijin matar ya ce a haƙa rami nesa da rijiya a binne. Ta ce Allah ya kiyaye, kayan baƙo amana ne, ba a zubarwa. Damina ta zo, gwangwani ya yi tsatsa, sai ta juye garin a ƙoƙo, ta ɗora a bisa kusa da kanwarta.

"To me ta yi na laifi?" mukan tambaya.

"Ta raba shi da mazubinsa, 'yan nan," in ji Iya. "A gwangwani kowa na tsoronsa. A ƙoƙo kuwa ya zama kanwa."

Ana nan, 'yar matar ta zo haihuwar fari gida, ta sauka lafiya. Wata maƙwabciya ta shigo taya dama kunun kanwa na jego, ta miƙa hannu ta ɗauko ƙoƙon da ya fi kusa. Maijego ta kurɓa ta ce da ɗaci. Uwarta ta ce haka kunun jego yake, ta daure ta shanye. Ta daure. Kafin la'asar tana amai tana murƙususu, ba ta kai ranar suna ba.

A nan Iya take tsayawa. Babu wanda aka hukunta, babu wanda ya ci riba, sai ta ce mu tashi mu kwanta.

Na daɗe ina ɗauka darasin ke nan: abin da ba ka sani ba kada ka sauya masa mazubi, kada ka ajiye shi inda ake girki. Har yau a kan haka nake, kuma iyalina sun san faɗana a kan kwalbar da ba rubutu.

Sai bayan rasuwar Iya, ina da 'ya'ya biyu, ƙanwar mahaifiyata ta zaunar da ni. Na san uwata a jego ta rasu, amma ban taɓa tambayar dalili ba. Ta ce, "Kai ne jaririn. Iya ce ta ce ta daure."

Na yi fushi, na kwana biyu ba na cin abinci. Daga baya tausayin Iya ya kama ni, shi ne bai sake ni ba har yanzu. Shekara da shekaru tana faɗa mini laifinta a gaban jama'a, tana jira in gane. Ta tafi ban ce mata na yafe ba.