Mai Fentin da Aka Ba Surar Kuturtar Bango

Duk garinmu na Thiruvalla an san Eapen mai fenti. Da zarar damina ta ɗauke, bangaye sun yi baƙi ƙirin da fumfuna, sai ka gan shi bisa keke da bokiti yana fito. Shekara talatin bai taɓa kankare bango ba. Shafewa kawai yake yi, gida ya yi fes har Kirsimeti ta wuce, in ya so baɗi a sake kiransa. Kuma ana kiran nasa, don mutumin akwai daɗin hira.

Gidan ƙanensa Chandy kuwa kyauta yake masa fenti duk shekara, jama'a na ta yaba zumunci. Eapen kaɗai ya san dalili. Ranar da mahaifiyarsu za ta rasu ta yi ta kiran Chandy, amma lokacin wa da ƙanen suna gaba da juna, sai Eapen ya ƙi aikawa a kira shi. Daga baya ya ce wa ƙanen farat ɗaya ta tafi, ba ta ce komai ba. Shekara sha tara abin na cin sa.

Bana coci ta shirya karance Littafi Mai Tsarki cikin kwana uku, Fada, limamin cocin, ya ba kowa surarsa. Eapen ya faɗa kan Littafin Firistoci sura ta sha huɗu, wadda ke sa tsofaffi gyangyaɗi. Matarsa Sosamma ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Wasu an ba su Zabura, kai kuturtar bango! Fada ya san sana'arka."

Ranar Talata da hantsi ya hau karatu yana jan murya, har ya iso inda aka ce in tabo ya fito a bango a ciro duwatsun da suka kamu, a kankare ɗakin kewaye, sannan a yi sabon yaɓe. Ya tsaya cak. Ya sake karantawa.

"Jama'a, ba gida ake nufi ba!" ya ɗaga murya. "Ni ne gidan nan! Kankarewa aka ce, ba shafewa ba!"

"Eapen, karatu aka sa ka, ba wa'azi ba," in ji Fada.

"A ba wani ya ƙarasa, Fada!"

Ko takalmansa bai tsaya nema a bakin ƙofa ba. Ya taka keke yana dariya shi kaɗai, tsoro da murna sun cika shi, don rabonsa da jin kansa sakayau haka har ya manta.

Ya tarar da Chandy a bayan gida yana fere rogo.

"Yaya, lafiya? Ina takalmanka?"

Eapen ya zayyana masa komai yana haki, bai rage ko ɗaya ba. Chandy ya ajiye wuƙar.

"Ta kira ni?"

"Tun safe har ta cika. Sunanka kawai."

"Duk shekarun nan na ɗauka tana fushi da ni ta tafi." Chandy ya share ido da gefen zanensa. "Ban yafe maka ba tukuna, Yaya. Amma zauna, ka faɗa min yadda ta riƙa faɗinsa."