Ranar da Barakatu Ta Hana a Tashi Ɗanta

A gungu aka haifi Barakatu Tamada, a tsakiyar kogin Kwara. Can ta yi aure, can ta binne mijinta, da ƙyafe kifi ta riƙe gida. Shekarar da aka datse kogi a Kainji, hukuma ta kwashe su zuwa gidajen siminti a gaɓa, kusa da Yelwa. Kafin su tashi, dattawa suka tara kowa, aka yi sallama da waɗanda ke kwance a ƙasar da ruwa zai cinye. Mutum ɗaya ne bai halarta ba: ɗanta Tanimu, wanda ke kwalejin horon malamai.

Da ya zo hutu, jarrabawar ƙarshe na gabansa, sai ta ga kamar an sauya mata shi. Ya rame, ba ya taɓa abinci. Yadda ta shimfiɗa masa tabarma, haka take tarar da ita da safe. Yana zagaya tsakar gida da littafi, yana cizon haƙora. Rannan ya tsaya cak.

"Inna, ba ki jin ruwa? Ga shi nan ƙarƙashin daɓe, shina tahowa."

Daɓen a bushe yake. Ta tabbata matattun gungu ne suka biyo shi, tunda bai yi musu sallama ba.

Da hantsi ta sa ƙanenta Cindo ya ɗauke su a kwalekwale zuwa inda rassan tsamiyar tsohon garinsu ke leƙowa daga ruwa. Tana cikin roƙon magabata, Tanimu ya zaro ɗan gwangwani, ya jefa farar ƙwaya a baki, ya kora da ruwan tafki.

Cindo, wanda ya yi lebura a wurin aikin dam, ya ajiye filafili.

"Yaya, bar wahal da matattu. Wagga ƙwaya na san ta. Direbobin tifa ke shan ta don kada su yi barci. Na ga wanda ta sa ya tuɓe a kasuwa."

"Kawu, magani ne fa, likita ke rubuta shi," in ji Tanimu. "Rabin ajinmu na sha. In ba ita, karatun ba ya shiga."

"Kai wane likita ya rubuta maka? Ciwon mi kake?"

Tanimu ya miƙe tsaye yana nuna ruwa, wai yana hawowa. Jirgin ya karkata, ruwa ya fara shiga. Barakatu ta rungume ƙafafunsa, ta danne shi da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba, har Cindo ya kai su gaɓa, ya ƙwace gwangwanin.

A gida Tanimu ya yi roƙo, ya yi zagi, ya yi kuka. Daga nan barci ya kayar da shi, irin barcin da ya sa ta riƙa kai yatsa bakin hancinsa ta ji ko yana numfashi. Yakan farka ya kurɓi kunu, ya sake zubewa.

Ranar komawa makaranta Cindo ya shigo da sauri.

"Yaya, mota na lodi a tasha. In ta tashi, jarrabawa ta wuce shi."

Barakatu ta san wahalar da suka sha kafin ya kai wannan matsayi. Ta kuma san abokansa na can da nasu gwangwanin. Ta jawo turmi, ta kife shi a ƙofar ɗakin, ta zauna a kai.

"Ba mai tashe shi."

Motar ta tafi. Da Tanimu ya farka ya gane, ya daɗe bai yi mata magana ba. Bai koma kwaleji ba; ya kama noman albasa a bakin ruwa, yana koya wa manya karatu da yamma. Ya riƙa cewa da an tashe shi da ya ci jarrabawar. Barakatu ba ta taɓa musa masa ba. In mata suka tambaye ta, takan ce mai yiwuwa da ya ci, ita dai ba ta ga alamar zai dawo mata da hankalinsa ba.