Gem a Tafin Hannun Kawu

Wani ɗan ƙara ne, tit-tit-tiiit, irin wanda tsofaffin gem ke yi in an kunna su. Da na ji ya fito daga 'yar na'urar da ke hannuna, sai na ga kaina a ƙauyenmu na ƙasar Faskari, ranar kasuwa, ƙafata duk taɓo.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ke da rumfar gem a bayan masu awon dawa. Talabijin ce guda mai ƙaton baya, da baƙar na'ura da ake cusa wa kaset ta sama, da batirin mota a ƙarƙashin benci. In kaset ya ƙi, sai Kawu ya zare shi, ya hura masa iska, ya goge a gefen riga. Da damina rumfar warin jiƙaƙƙen buhu take yi da gasasshiyar masara. Mu yara can muke ƙarewa, kuma tseren babura muka fi so.

Dattawa ba su so ba. Har gida suka zo wa kakanmu da ƙara, wai ɗansa na hana yara zuwa gona. Kawu na durƙushe har suka gama, sannan ya ce, "Baba, a tambayi iyayensu. Yaron da bai gama aikin gona ba, ba ya taɓa mani gem." Kakanmu ya ce a ƙyale shi.

Abin da dattawa suka kasa, 'yan bindiga suka yi. Bayan shekaru, wata rana da hantsi suka shigo ƙauyen, suka kore shanu, suka cinna wa rumbuna da kasuwa wuta. Kawu ya tsira da rigar jikinsa. Ya dawo wurina a Ƙanƙara, inda nake koyarwa, ya zauna a zaure. Mutumin da da ba ya rufe baki, sai ya wuni yana kallon bango.

Shi ya sa na sayi na'urar gem ta hannu, ta gwanjo, ba ta fi waya girma ba sosai. Sai da na sa mata manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'urar Kawu, na nemo wasannin na zuba a katin mimori. Layin waya na zuwa yana ɗaukewa, fayil ya kusa sauka ya katse, in sake. Da farko baƙin allo kawai na gani, ashe ba a foldar da ta dace na ajiye su ba. Da hoto ya fito kuma, baburan sun baje kamar an taka su, sai da na mai da allon siffar tsohuwar talabijin.

Yayana ya same ni a kai, ya ɓata rai. "Mutane na gudun ceton rai, kai da 'ya'yanka kana wasan yara?"

Na ce, "Yaya, sun ci gona, sun ci shanu. Wanga ma sai in bar masu?"

Bayan la'asar na miƙa wa Kawu na'urar. Ya jujjuya ta, yana neman wurin cusa kaset.

"Ina kaset ɗin?"

"Suna ciki, Kawu. Duka."

A kwanar farko babur ɗinsa ya kife. Ya yi tsaki, irin tsakin da na daɗe ban ji ba. "Wa ya sa birki nan? Mai da shi ƙasa!" Na shiga saiti na sauya maɓallin. Daga nan yatsunsa suka tuna da komai. Ya wuce baburan ɗaya bayan ɗaya, yana karkata jiki a kowace kwana, har hularsa ta faɗi bai sani ba.

Ban ce maku gem zai dawo mana da gona ba. Har yau ba mu iya zuwa, ciyawa ta cinye ta, kuma 'ya'yana ba su san hanyar ƙauyen ba. Yayana ma bai daina harara ba. Amma yanzu yaran unguwa, galibinsu 'yan gudun hijira irinmu, kan cika mani zaure suna jiran layi, muryar Kawu na tashi a kansu. Jiya Kawu ya sa aka kira kafinta ya auna masa teburin gem. Na ce a ajiye shi a zaure, ya fi rufin asiri.

Ya girgiza kai. "Bakin titi za a kafa shi. Inda kowa zai gani."