Takin Gayauna da Akwatinmu

Tun da aka koma mulkin farar hula jam'iyya ɗaya nake dangwala wa. Ban san baƙi ba, amma tambarinta ko daga nesa na gane shi. A cikinta maigidana ya rasu, na gaje ta kamar yadda na gaji 'yar gayaunar da nake shuka masara a bakin rafi. Irina muna da yawa a ƙauyenmu na gefen Tsiga, zawarawa da tsofaffi masu cin guminsu. Masarar ƙasarmu kuwa ba ta kara: in babu taki, babu goyo.

Wata shekara aka kai doka majalisa, wai takin gwamnati mai rangwame sai magidanci mai takardar gona. Gayauna ba ta da takarda. Ɗan majalisarmu, yaron da na san uwarsa tun tana amarya, ya ɗaga hannu ya yarda. Ina tsintar waken suya na ji an karanto sunansa a rediyo. Daminar nan masarata ko gwiwa ba ta kai ba ganyenta ya koma ruwan ɗorawa.

Da zaɓe ya zo, na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi aiki a akwatinmu, aka soke shi. Da aka haɗa sauran, ratar da ɗan majalisar ya ba abokin takararsa, wani tsohon malamin gona, ba ta kai yawan masu kati a wurinmu ba. Aka ce a sake namu kaɗai. Ƙauyen da sai babur ke shiga ya cika da motoci.

Har zaure ɗan majalisar ya same ni, ya durƙusa.

"Inna, ke uwar jam'iyya ce, ai ba sai na roƙa ba."

"Onarabul, ya hannun? Ya sauka?"

"Wane hannu, Inna?"

"Wanda ka ɗaga ranar taki."

Ya sosa ƙeya. "Umarnin jam'iyya ne. Wanda ya ƙi, ba shi ba tikiti."

"To jam'iyyar ta zo ta dangwala maka."

Suna fita na ji wani na hannun damansa yana cewa, "Rabu da su, ranka ya daɗe. Tambari ɗaya suka sani. Ko sun so canzawa, yatsan can zai kai su."

Abin ya ƙona mini rai saboda gaskiya ya faɗa. Ni kaina ban san kamannin ɗaya tambarin ba.

Na aika aka kira malamin gonar. A gaban mata na sa ya ce zai kai maganar gayauna majalisa, sannan na karɓi takardun gwajin ƙuri'a a hannunsa. A makon aka yi suna gidan maƙwabta. Bayan an ci tuwo na jiƙa bular wanki a murfin kwano, na ce kowace ta zo ta dangwala. Wadda ta ɓata, ta sake. Wata tsohuwa sau huɗu yatsanta yana komawa tsohon gida.

"Yaya, ko kin ci musu taliya ne?" in ji ƙanwar mijinta.

"Na ci, har da sabulu. Ai ba da yatsa na yi rantsuwa ba."

Na koya musu naɗe takardar a tsaye, don kada ɗanyar tawada ta taɓa gidan wata jam'iyya ƙuri'ar ta lalace. Wannan ta sha cin mu a baya, muna ninkewa kamar kuɗin cefane.

Ranar zaɓe ba wadda ta koma ɗora tukunya. Muka zauna a gindin ɗorawar makaranta har la'asar, ana ɗaga takardun ɗaya-ɗaya. Ina lura da tulin biyu, namu yana tashi a hankali, lalatattu ba su cika hannu ba. Da aka haɗa da na baya, malamin gona ya wuce da ratar da ba ta kai matan gidan sunan nan ba. Guɗa ta tashi. Ni dai na miƙe na kakkaɓe zanina.

Damina ɗaya muka ƙara sha babu taki. A ta biyu aka gyara dokar, har 'yan tsohuwar jam'iyyarmu suka ɗaga hannu, don labarin akwatinmu ya kai mazaɓunsu. Da kaina na bi layi na karɓo buhuna, na bi masarata gindi-gindi ina zubawa. Shekarar har goyo biyu-biyu ta yi.