Shekara Bakwai Ba Yaya Bilki: Sarƙar Yubikwitin da Hannun Babanmu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata, Dakta Bilkisu, wadda mu a gida muke kira Yaya Bilki. Bana ban yi niyyar rubuta komai ba. An yi mata addu'a a masallacin unguwarmu a Kazaure, na ce ya wadatar. Sai zama ya gagare ni. In na shiga ɗaki in fito, in na fito in koma, har mai ɗakina ta tambaye ni ko wani abu na ɓatar.

Ga wanda bai san ta ba, malamar jami'a ce, masaniyar sinadaran da ke cikin jikin ɗan Adam. Mahaifinmu tela ne a kasuwar Kazaure. Tana tsakiyar digirinta na farko hannunsa na dama ya fara rawa. Da fari zare ne ya ƙi shiga kafar allura, daga baya almakashi ya gagare shi, ƙarshe ya rufe keken ɗinkin da zane. Likita a Kano ya ce cutar karkarwa ce, daga ƙwaƙwalwa take, akwai maganin rage ta amma babu na rabuwa da ita. Tun daga nan Yaya ta juya akalar karatunta. Ta fita waje ta ƙaro ilimi, aka so riƙe ta a can, ta tattaro ta dawo.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Roni, ban san komai a fanninta ba. Wata rana ta rage mini hanya a motarta, na ce ta gaya mini abin da take yi da Hausar da zan gane. Ta ce a cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai furotin iri-iri da ke aiki, wasu kuma suna lalacewa. Idan ɗaya ya lalace, jiki yana maƙala masa wata 'yar alama mai suna yubikwitin, sai a maƙala wata a jikin ta farko, a ƙara wata, har su zama sarƙa. Kowace ɗaya tana da wurare takwas da ta gaba za ta iya kamawa, kuma inda ta kama shi ke sauya saƙon. Wata sarƙar tana nufin a kai wannan bola, wata tana nufin a zo a yi gyara. A jikin wasu masu irin cutar Baba, wannan aikin ne ke samun tangarɗa.

Kafin a fahimci sarƙar, in ji ta, dole a ƙera ta a kwalba, iri ɗaya tak, ba gauraye. Hanya biyu ce. Ta farko da inzayim, wato sinadaran da jiki kansa ke aiki da su. Guda uku ne ke miƙa wa juna alamar kamar leburori na miƙon tubali. Suna da sauri, amma suna da taurin kai, akwai ƙullin da ba ka da inzayim ɗin da zai yi maka shi tsab. Ta biyu da haɗa sinadarai: ka toshe duk sauran wuraren kamun, ka bar ɗaya a buɗe, ka haɗa, sannan ka bi ka cire toshiyar. Wannan tana ba ka daidai abin da kake so, sai dai cin rai gare ta, kuma rabin kayan a hanya yake zubewa.

Ita da inzayim ta fara. Ta shekara biyu tana tara su tana tace su, tana adanawa a firiza mai tsananin sanyi, domin da sun ji ɗumi sun mutu. Da daminar da jikin Baba ya tsananta ta baro komai ta dawo gida jinya. Ina zaune a tsakar gida da hantsi, tana ba shi kunu da cokali, wayarta ta yi ƙara. Aka gaya mata wuta ta ɗauke tun ranar Alhamis, janaretan sashensu ya lalace, ba wanda ya leƙa sai ranar Litinin. Duk abin da ke cikin firizar ya narke. Ta saurara, ta ce to, ta kife wayar, ta ci gaba da hura kunun.

Baba ya dube ta ya ce, "Uwata, lafiya?" Sunan mahaifiyarsa gare ta, bai taɓa kama sunan ba.

"Aikina ne ya zube, Baba."

"Don kin zo wurina?"

"A'a, Baba. Don an ɗauke wuta. Buɗe bakinka."

Ya sha, sannan ya ce in ruwa ya zube ya bar tulu da sauƙi. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ni na same ta a bayan rumbu daga baya, ta dafa bango da hannu biyu.

Baba ya rasu da kakar shekarar. Ta koma bakin aiki ta kama hanya ta biyu, ta ce aƙalla kayan haɗin a bushe ake ajiye yawancinsu, sun fi jure halinmu. Ranar da ta fara haɗa alama biyu a daidai wurin da take so, ta kira ni ina cikin aji tana dariya kamar yarinya. Ba ta kai ga haɗa alama huɗu, wanda shi ne burinta, ba. Hatsarin mota ne ya yi ajalinta a hanyar Kano, wata Juma'a tana tahowa gida.

Yanzu nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Sola ta cika gari, har mai sayar da ƙanƙara a Babura yana da tasa. Ina jin da ta yi murna, sannan ta yi tsaki, ta ce da wannan ta zo da wuri da shekara biyunta ba su tafi a banza ba. Na kuma ji masana suna gwajin magungunan da ke sa jiki ya maƙala wa mugun furotin wannan alamar da kansa don a kawar da shi. Da tana nan da ta hana kowa sakat da bayani. Abin da ban sani ba shi ne yadda za ta ji da ganin ɗalibanta suna ta ficewa waje ɗaya bayan ɗaya. Ba na jin za ta zarge su. Ba na jin kuma za ta yafe wa waɗanda suka sa zaman ya gagare su.

Ga abin da ya hana ni zama. Tun bazarar bana, in na ajiye alli na sauke hannu, babban yatsana na dama yana motsi ba da izinina ba. Na ce gajiya ce. Amma jiki magayi, kuma an ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Likita ya ce sai an ƙara dubawa, ni kuwa ban gaya masa zancen ciwon Baba ba.

Watan jiya na je ɗakin gwajin da ta bari. Ɗalibarta Sa'adatu, 'yar Gwiwa, ita ce ke riƙe da shi, ita ma yanzu dakta ce. Ta nuna mini wani hoto mai layuka kamar matakan tsani, ta ce kowane mataki alama ɗaya ce aka ƙara. Na ƙirga huɗu. Ta ce inzayim ya haɗa musu biyu-biyu, suka ɗaure tsakiyar da dabarar Yaya. Na ciro hannuna daga aljihu na ɗora a kan teburin. Ta daɗe tana kallonsa.

"Wannan zai yi mini magani?" na tambaye ta.

"Ba yanzu ba, Malam," in ji ta. "Wataƙila ma ba a zamaninmu ba. Amma ba mu tsaya ba."

Na yi ta auna abin da Yaya ta bari. Ba ta warkar da Baba ba, ba ta gano magani ba, babu titin da aka sa wa sunanta. Ta bar hanyar ɗaura abu ɗaya a jikin wani ba kuskure, da mace guda da ta ƙi tafiya, wadda ta iya kallon idona ta gaya mini gaskiya. Wasu ranakun ina ganin wannan ya yi kaɗan. Wasu ranakun ina ganin ban san wanda ya bar fiye da haka ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Yaya, Ya haɗa ki da Baba a inda babu ciwo. Ni kuma ranar Talata zan koma wurin likita, kuma wannan karon ba zan ɓoye masa komai ba.