Katin da Ya Ce Lafiyata Ƙalau

Kusan shekara arba'in ban ba kowa labarin nan ba. Ku da muke gaisawa a nan kun san ni ne da hotunan jikoki da addu'ar safe. Yau zan faɗa, don jiya a layinmu na ji wata uwa tana ce wa ɗanta ragwanci ne ke damunsa.

Sunana Rifkatu. A tsakiyar shekarun tamanin ina aiki a wata masaƙa a Bompai, muna zaune a Hotoro ni da Baba. Shi maigadi ne a Sharada, tsohon soja, mutumin da ko zazzaɓi sai ya nuna masa takarda kafin ya yarda da shi.

Aikina duba yadi. Bandir yana wucewa gabana, in na ga inda saƙa ta ɓaci sai in ja alli a farkon ɓarnar, in ja a ƙarshenta. Mai almakashi ya cire tsakani, mai keken ɗinki ya haɗa bakin biyu. Dokarmu ɗaya ce: in ka ja alli bisa kuskure, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma nan take, don mai almakashi ba ya tambaya.

Tun ina yarinya ƙashina kan yi ciwo ya lafa. A shekarar nan bai lafa ba. Ƙugu, gwiwa, sai idona ya koma ruwan ɗorawa, cikina ya kumbura ta hagu.

Ranar ɗaukar aiki an gwada jinina, an rubuta AS a kati. Mai AS kuwa, in ji kowa, ba ya ciwon sikila. Da na kai kuka wurin nas ɗin masaƙa, ta dubi katin, ba ta dube ni ba, ta ba ni ƙwaya biyu.

Baba ya ce, "Katinki ya ce lafiyarki ƙalau. Haka yayanki ya yi ta yi mini."

Yayana Yohanna ya rasu shekara huɗu kafin nan. Shi ma AS ne a kati, kuma ya sha bulala kan ƙin tashi da safe. An ce shawara ce ta kashe shi.

Ba abin da nake so a lokacin kamar Baba ya yarda ba ƙarya nake yi ba. Da na rasa, sai ni ma na daina yarda da kaina. Ina tashi, ina tafiya, ina jan alli. Ba kuka, ba tsoro, ba komai.

Wata Talata na faɗi a kan bandir.

Kwana goma sha ɗaya na yi a asibiti. Da safe allura, a auna zafin jiki, a sauya ledar ruwa. Abokan aikina suka ba da jini. Ina kallon yana ɗiga kamar a jikin wata ake sa shi.

Wata likitar jini ce ta taɓa cikina ta ce saifa ta yi girma. Ta duba gwajin da aka yi kafin a ƙara mini jini, ta ce S, wato jinin sikila, ya rinjayi A, lafiyayyen jini, alhali a AS na gaskiya A ne ke rinjaye. Ta ce a ɗebi jinin Baba ma. Ya miƙa hannu yana tsaki.

Da sakamako ya fito ta zaunar da mu, ta tambayi aikina. Na faɗa. Ta yi ɗan murmushi.

"To jikinki ma masaƙa ce. In zai yi jini, yakan kwafo umarni daga abin da kika gada. Kwafin nan RNA muke ce masa, kuma da tsawo yake fitowa, da wuraren da dole a cire. Kowane wuri da alamarsa a farko da ƙarshe. A yanke, a haɗa."

Ta ce sikila na gado daga Mama. Daga Baba kuma wata larura, talasimiya. Ba su da na'urar tabbatarwa, amma irin da take zato shi ne wanda harafi ɗaya a cikin umarnin ya sauya, ya yi kama da alamar yanka, kusa da ta gaskiya. Yawanci almakashi ya faɗa kan ta ƙarya, kwafin ya lalace. Wani lokaci ya dace da ta gaskiya, a samu ɗan A. Ɗan A ɗin nan aka gani aka rubuta AS.

Na ce, "Ba mai gogewa?"

Ta ce, "Akwai masu nuna wa almakashi inda zai tsaya, ana kan bincike a kansu. Amma tsumma dai babu."

Baba ya ce, "Likita, alamar daga wurina ta fito?"

"Daga wurinku, Baba. Amma ba laifinku ba ne."

Baba ya ɗauki katina ya juya shi gaba da baya. Can ya ce, "Ashe Yohanna ma."

Abin da na jima ina jira ke nan, ya zo, ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Daga baya aka cire saifar. Bayan wata uku na koma aiki, da maganin ƙarin jini, da na sauro, da gorar ruwa. Ban rabu da ciwon ba, amma na tashi, na haihu, na yi jikoki.

Na gode wa Allah, da likitar nan, da waɗanda jininsu ya zauna a jikina.

In kati ya ce AS amma ƙashi yana ciwo, ido yana sauya launi, ku nemi likitan jini ya sake gwaji, a gwada iyaye ma. Ku sha ruwa, ku guji sanyi da sauro. In yaro ya ce yana ciwo, ku fara da yarda.

Baba ya yi shekara tara bayan nan. Kullum da safe sai ya tsaya a ƙofata ya ce, "Rifkatu, ina ke ciwo yau?" In na ce babu, sai ya ɗan ƙara tsayawa, yana kallon ɗakin da Yohanna yake kwana.