Leɓen Ɗana da Ƙwayar Farfaɗiya

Komai tsawon ran da Allah ya ba ni, ba zan manta da daminar da na haifi ɗana na fari ba, da ranar da na ja surukata har gaban likita a Mubi.

Tun ina budurwa nake da ciwon farfaɗiya. Ba a ɓoye wa kowa ba. Mijina ya sani kafin ya nemi aurena, danginsa a Duvu ma sun sani. Akwai ƙwayar da nake sha safe da yamma, kuma muddin ban yi fashi ba sai in shekara ban faɗi ba. Ina noma gyaɗata, ina waƙa a zumuntar mata a coci kamar kowa. Da na samu ciki na ci gaba da shan abina. Babu wanda ya ce mini akwai wata magana, ni ma ban san akwai abin tambaya ba.

Da yaron ya faɗo sai ungozoma ta ɗauke shi. Ta miƙo mini shi a naɗe, na buɗe zane, na ga leɓensa na sama a tsage har cikin hanci. Bai iya kama nono ba, in ya ja sai ya dawo ta hanci. Haka na koyi tatsa a kofi ina ɗiga masa da ƙaramin cokali, yana kuka ina kuka.

Kafin a yi arba'in gida ya rabu biyu. Kawun mijina ya ce ƙwayar Turawa ce ta lalata yaro. Surukata ta ce ba ta yarda ba.

"Wace ƙwaya? Matar tela ba irinta take sha ba? 'Ya'yanta uku, ko tabo babu. Wannan abu daga jinin gidansu ya fito."

A gabana take faɗa, tana ɓarar gyaɗa. Har ta fara cewa gara in koma gidanmu in huta, kuma kowa ya san irin wannan hutun ba a dawowa.

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada mijina ya same ni a ɗaki, ya ce a hankali, "Maman yaro, ki bar shan ƙwayar nan mu gani. Ko Kawu zai samu abin kare mu da shi."

Na ce, "In na faɗi a bakin murhu da yaro a goye fa? Ko a cikin ruwan mayo wajen wanki? Wanda ya rubuta mini ita shi zai ce in bari. Asibiti za mu, kuma da Mama za mu je."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Mama, surukata, ta ƙi, amma kullum in na je gaishe ta da safe sai na sake roƙo, har ta gaji. "Mu je," ta ce, "a faɗa maki gaskiya a gabana."

Babur biyu muka hau. An kwana ana ruwa, rafin da muke kira mayo ya cika, sai da muka sauka muka haye da ƙafa, mijina ya ɗaga yaron sama.

Likitar mace ce, ta duba yaron sosai, ta karɓi kwalin maganina ta karanta. Ta ce lallai wannan magani yana ƙara haɗarin irin wannan matsala a farkon ciki. Mama ta kawo zancen matar tela.

"Mama, mata da yawa suna sha su haihu lafiya," in ji likitar. "Jiki ya bambanta. Yadda jikin uwa yake sarrafa maganin, da yadda jikin jariri yake jure masa, akwai gado a ciki."

"To ai na faɗa! Jininta ne."

"Yaron nan jinin mutum biyu ne. Rabin abin da ya gada ta wajen ɗanki ya zo, wato ta wajenki da mahaifinsa. Ba ni da abin da zan auna in ce daga wane ɓangare ne. Wani yaron ma haka yake zuwa, uwarsa ba ta sha komai ba."

Mama ta daɗe tana kallon yaron.

Sai likitar ta juyo kaina. Ta ce na yi daidai da ban tsayar da maganin da kaina ba, don faɗuwa da ciki na iya halaka uwa da ɗa. Amma tunda abin ya faru sau ɗaya, yana iya maimaituwa in na ci gaba da wannan ƙwayar. Za ta canza mini wata sannu a hankali, in fara shan folik asid, ƙwayar da ke taimaka wa ginin jikin jariri a ciki, kuma kada in ɗauki ciki sai jikina ya zauna da sabon maganin. Ba ta yi mini alkawarin komai ba, ta dai ce haɗarin zai ragu. Leɓen kuwa ana ɗinkewa.

Canjin bai zo da sauƙi ba. Na yi fama da jiri, na faɗi sau ɗaya a tsakar gida, mutane suka ce ga irinta nan. Na koma aka gyara mini adadin. Da yaron ya yi ƙwari aka tura mu Yola aka yi masa aiki, kuma Mama ce ta zauna da mu a asibiti, ita ke riƙe masa hannu kada ya taɓa ɗinkin. Ba ta taɓa ba ni haƙuri da baki ba, ni ma ban nema ba. Daga baya na haifi mace, lafiya ƙalau.

Abin da na koya shi ne, in abu ya same ka, masu neman mai laifi sun fi masu neman mafita yawa, kuma kowa da rabin gaskiyarsa. Shi ya sa duk matar da na san tana shan maganin farfaɗiya nake gaya mata: kada ki yar da shi don maganar mutane, kada kuma ki jira sai ciki ya shiga. Ki je ki tambaya tun da wuri, ki tafi da wanda ya fi kowa surutu a gidanku, ya ji da kunnensa.